Tsakanin Ƙishi da Shaƙewa

"Kashe shi, Baba! Don Allah kashe injin nan!"

Sai da na maimaita kafin ya ɗago. Yana durƙushe a gefen taraktarsa, ya kafa bakin sukudireba a jikin injin, ƙotar kuma a kunnensa, ya rufe ido kamar mai sauraron sirri. Baƙin hayaƙi ya taru a ƙarƙashin kwanon garejin, yana zurarewa ta 'yar tagar da ke can sama a bangon da ya raba gidansa da nawa. Tagar tsakar gidana take kallo, dab da ƙofar ɗakin da Auta ke kwana.

Ya miƙa hannu ya kashe. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya yi shiru.

"Sarkin tsoro," ya ce. "Yau kuma me ya faru? Sama ce ta faɗo?"

"Auta ce. Tun ɗazu take jan numfashi."

Murmushin ya bar fuskarsa. Auta ita ce ƙaramar 'yata, ba ta daɗe da shiga firamare ba, kuma da asma aka haife ta. Ƙura, turare, hayaƙi, kowanne sai ya kwantar da ita. Ni mutum ne mai fargaba, kowa a layinmu ya sani. Ko ina shago ina awo, rabin hankalina yana kan ƙirjin yarinyar nan. Shi kuwa maƙwabcin namu, tsohon direban gona ne, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa. Mu muna ce masa Baba, Auta tana ce masa Kaka, shi kuma yana ce mata uwar ɗakina.

"An ba ta abin shaƙarta?"

"An ba ta. Amma Baba, kwana da kwanaki ke nan. Dubi shanyar gidana, rigar makarantarta duk ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. Ba za ka fito da ita waje ba?"

"Da tana tafiya ai da ban zauna da ita a ɗaki ba. Ina saka giya take mutuwa." Ya shafa jikin taraktar, wadda jan fentinta ya koɗe tun kafin in yi aure. Tsohuwa yake ce mata, kuma fetur take sha, irin wadda aka daina yi. "Zo ka gani."

Ban so ba, amma na matsa. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai kama da kofi a gefen injin.

"Wannan shi ne kafireto. A nan mai da iska suke haɗuwa. Ka ga ɗan sukurun nan? Idan na ɗaure shi, mai ya ragu, sai ta ji ƙishi, ta yi ta tari tana harbi. Idan na sassauta, mai ya yi yawa, sai ta shaƙe, ta yi wannan baƙin hayaƙin. Akwai wani wuri tsakanin ƙishi da shaƙewa, bai fi kaurin farce ba. Shi nake nema."

"To me ya hana ka samu?"

Ya taɓa kunnensa. "Wannan. Ba a gani da ido, ji ake yi. A da ina tsaye a bakin ƙofa zan faɗa maka abin da ke damunta. Yanzu babur ɗaya ya wuce a titi, shi ke nan na ɓata." Ya goge hannu da tsumma. "Ɗana ya ce idan ba ta fita gona a daminar nan ba, zai turo masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta. Ka ƙara mini haƙuri kaɗan. Ranar da na samu, ko zaren hayaƙi ba za ka gani ba."

Washegari na kai Auta asibiti. Nas ɗin ta saurari ƙirjinta, ta tambaye ni ko muna kunna janareto kusa da ɗaki. Na ba ta labarin taraktar.

"A raba ta da shi," ta ce. "Kuma ba baƙin ne kaɗai abin tsoro ba. Akwai wanda ba a gani, ba a jin warinsa. Inji a rufaffen ɗaki ba abin wasa ba ne."

Na ce to. Amma ina kallon kafaɗun Auta suna hawa suna sauka, kuma duk abin da aka faɗa, a kanta na ɗora shi.

Da muka dawo, injin yana aiki, sai dai ƙarar ta yi nisa, kamar daga cikin rijiya. Tsakar gida fes. Na ɗaga kai, sai na ga an toshe tagar da buhu daga ciki.

"Ka gani?" in ji matata. "Ka yi ta faɗa da bawan Allah, ga shi ya yi maganin abin."

A ranar Auta ta yi barci ba ƙugi. Ni ma na yi.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga shago da la'asar, na same shi zaune a kan dutsen ƙofar gidansa, ya riƙe kai da hannu biyu. Ƙofar garejin, babbar ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, a rufe take.

"Baba, lafiya?"

"Kaina ne ke sara mini. Tsufa." Ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta kauce, na tare shi. Jikinsa duk warin fetur. "Ai na kusa, Baban Auta. Ɗazu ta riƙe silo, tana bugawa a hankali ba a taka mai ba, ta yi lumfashi mai kyau, sai na ƙara mata ɗan juyi don kwaɗayi, na ɓata."

"Ƙofar a rufe kake aiki?"

"A rufe na fi jin ta."

A gefen dutsen na ga tattabaru biyu kwance, ƙafafu a sama. A cikin rufin garejin suke da sheƙa. Ya ga ina kallonsu.

"A ƙasa na tsince su da safe. Wata cuta ce take yawo, ina ji."

Maganar nas ta faɗo mini. Na ce, "Baba, ka riƙa buɗe ƙofar nan. An ce akwai hayaƙin da ba a gani."

Ya yi dariya har da tari. "Wanda ake gani bai kashe ni ba tun ina saurayi, sai wanda ba a gani? Kai dai idan ba ka samu abin tsoro ba, sai ka ƙera. Kuma idan na buɗe, iska ta kwaso shi ta zagayo ta zaurenka. Uwar ɗakina fa? Yaya ƙirjin?"

"Da sauƙi sosai."

"To ka gani."

A daidai lokacin Auta ta leƙo daga zaure, tana tsalle da ƙafa ɗaya.

"Kaka, Tsohuwarka ta warke?"

"Ta kusa, ranki ya daɗe. Ke za ki fara hawa, ubanki yana bin mu a baya yana ihu."

"Yaya zan san ta warke?"

"Za ki ji ta daina tari. Kamar ke."

Ranar da abin ya faru ban fita shago da rana ba, don tun hantsi hadari ya haɗu, gari ya yi duhu. Ana fara yayyafi na ji ya tayar da injin. Ina zaune a baranda ina gyara wa Auta madaurin takalmi, ina jin su ta bayan bango. Tari, harbi, sannan wani gurnani mai nauyi. Ya koma tari. Ya koma gurnani. Ina iya ganin hannunsa a raina, yana juya ɗan sukurun nan gaba da baya.

Can sai ƙarar ta daidaita.

Ban taɓa jin ta haka ba. Ba tsalle, ba rawa, sai wani bugu mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, kamar zuciyar mai barci. Auta ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba, ya samu! Kaka ya samu!"

"Da alama."

Na ci gaba da ɗinkin. Ruwa ya ƙaru. Matata ta fito ta zuba shayi a kofi, ta ce idan ya kashe injin a kai masa. Shayin ya huce. Ni dai na san shi: duk lokacin da ya taɓa wani abu, sai ya taka mai ya ji yadda za ta amsa, sai ya kashe ya sake tayarwa. Yau ba ko ɗaya. Bugun yana tafiya yadda yake, ba wanda ya taɓa shi.

"Bari in je in yi masa barka," in ji Auta, har ta kai bakin zaure.

Ban san lokacin da na cafko hannunta ba. Na riƙe da ƙarfi har ta yi ƙara.

"Koma wajen mamanki. Kada ki fito."

Na ruga cikin ruwan ba takalmi. Na buga ƙofar ƙarfen, na kira shi, na sake bugawa. Bai saka sakata ba, jawo ta kawai ya yi. Na fizge ganye ɗaya, sannan ɗayan.

Ba hayaƙi. Iskar ciki garau take, da ɗumi, har ina ganin spanonin da ya jera a jikin bango. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da babbar tayar baya, kansa ya karkata wajen injin, sukudireba a kan cinyarsa. Fuskarsa ta yi kyau, kamar wanda aka faɗa wa labari mai daɗi.

"Baba. Baba, tashi, ka samu."

Na kama shi ta hammata na ja. Kafin in kai bakin ƙofa kaina ya fara juyawa. Na fito da shi cikin ruwa, na yi ihu. Tela na ƙarshen layi ya zo, mai kemis ya biyo shi da gudu. Mai kemis ya danna ƙirjinsa, ya daɗe yana dannawa, ya saka yatsu a wuyansa. Daga baya ya zauna a cikin taɓo, ya cire hularsa, ya ce rai ya yi halinsa.

Aka ɗauki Baba aka shiga da shi ɗakinsa. Injin bai daina ba. Tela ya leƙa garejin ya ce shi bai san inda ake kashewa ba, ni ma na duba na rasa. Muka bar ƙofa a buɗe.

Da iska ta ratsa, na jawo wani tsohon durom na taka, na kai hannu tagar. Buhun bai fito da sauƙi ba. Ya ninke shi da kyau, ya bi gefe-gefe ya cusa tsummoki da bakin sukudireba, bai bar ko kafar allura ba. Na zare su ɗaya bayan ɗaya.

Ta tagar na hango tsakar gidana. Mun manta ba mu kwashe shanya ba. Rigar makarantar Auta tana kan igiya, fara tas, ruwa yana ɗiga daga hannayenta. A ƙasana Tsohuwa tana ta bugawa a hankali, ba tari.