Wandon da Muniru Ya Ɗinka

…kuma kwano ne, kwanon rumfar Inna Rabiatou, ya sha rana yana gasa mini baya kamar tsire, amma ba zan matsa ba. In matsa in je ina? Gabana fili ne, ganguna, 'yan matan jam'iyya na ta juyi suna waƙar Mai Ƙasa, duk Zongo ya fito — ga kujerata can a layin gaba, ita kaɗai ce babu kowa a kai. Wai ni zan yi jawabi. Ɗan Zongo da ya yi karatu a Rum, shi zai yi godiya a madadin unguwa. To ga ɗan Zongon nan, manne da rumfar ƙosai.

Inna ce ta gani. Na zo wucewa ina ɗaga wa mutane hannu kamar wani bishop, sai na ji ta fashe da dariya, dariyar kuma ta yanke kamar an shaƙe ta. Ta jawo ni da hannunta duk mai, ta ce a kunnena:

"Inoussa, ɗan nan, kada ka juya. Mai Ƙasa na kallona daga mazaunanka."

Fuskar… duka. Hular, idanun, murmushin. Ta ce hancin ma ya bi ɗinkin tsakiya cif, ai Muniru ba ya kuskuren awo.

Muniru! Ɗan kawuna, taubashina, telan unguwa, Allah ya — a'a, ba zan yi masa baki ba. Wasan taubasantaka ne? Wanda ya taɓa zuba mini barkono a jar hular makaranta zai iya komai. Amma a'a. Dubi shi can gefen makaɗa, magwaji a wuya, yana washe mini baki, yana nuna wa na kusa da shi: kun ga yankan kafaɗa? Bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

Atamfar jam'iyya ce, mai hoton, wadda aka raba wa kowa aka ce a ɗinka. Na kai masa tawa. Kuma ya gaya mini — ya gaya mini! Allura a baki, yana cewa mutum ba ya tsayuwar sallah da fuskar wani a ƙirji, shi ya sa shi kullum ƙasa yake tura hoton, can cikin wando, babbar riga ta sauko ta rufe, mala'iku ba su ɗaga wa mutum riga. Na yi dariya. Ina jinsa ne ma? Hankalina na kan wani bishop da ya mutu tun kafin a san takarda a nan. Ni kuma uban iyayi, na ce ban son babbar riga, 'yar kwat nake so, gajera, iya ƙugu, irin ta can. Ya ce to. Hannunsa kuma ya yanka wando yadda ya saba…

Tsaya. Yadda ya saba.

Layin gaba. Alhazan goro, dillalan shanu, mai unguwa, na'ibin liman, kowa cikin babbar riga, kowa ya baje a benci yana gyaɗa kai. Duk Muniru ke yi musu ɗinki. Duk… a kan fuskar suke zaune? Tun yaushe? Innalillahi — ji ni, Kirista mai digiri, in tsoro ya zo da salatin uwata Musulma yake zuwa.

Ga shi ana ta raɗe-raɗin za a rushe Zongo, wai mun tsaya wa birni a maƙogwaro. Shi ya sa aka yanka sa, aka ɗauko makaɗa, a nuna mu ma 'ya'ya ne. Yau kuwa in aka ɗaga riga ɗaya…

Turare. Ɗan tsunkule kawai, abin da yatsa biyu za su ɗauka. A kansa na ƙare ƙuruciyata, a ɗakin karatu mai sanyi kamar randa, ina hura wa yatsuna iska. Kiristocin farko: a kawo ka gaban gunkin Kaisar, a ce zuba turare a wuta ka tafi gida. Wasu suka ƙi, aka jefa su ga zakuna. Wasu suka zuba. Wasu kuma, mafi muni, aka ce su wa kuke taruwa da su, suka faɗi sunaye. Da wuta ta lafa suka dawo bakin coci suna kuka, aka yi shekaru ana gardama, a karɓe su ko a kore su. Ni na kore su. Da alƙalami, a littafin digirina, babi guda, ban bar ko ɗaya ba. Tsohon malamina, Fada ne, limamin coci, ya cire tabarau ya ce in sassauta musu, wai ban taɓa jin warin zaki ba. Na ce gaskiya ba ta da sassauci, Fada. Ni! Da bakin nan!

Har yanzu haka nake koya wa ɗalibaina masu shirin zama fada. Har tsayawa nake in buga tebur.

To da aka ce kowa ya ajiye sunan Turawa, ni Anatole na koma Inoussa a yini guda, ai suna ba turare ba ne. Atamfa ma ba turare ba ce, tufa ce. Jawabi… jawabi iska ne. Na iya rarrabewa, aikina ke nan, an ba ni takarda a kai.

Ƙosai na ƙonewa. Inna, ƙosanki. Ba ta ji, ta tsaya ta baza zane a gefena wai tana kare ni, kamar kaza da ɗan tsako. Ara mini zanen mana in ɗaura? Malamin tauhidi ya hau dandamali da zanen mai ƙosai — a ce me? Sabon salo daga Rum? In bi ta bayan rumfa in zame… lungun ya cika da mata, su ne ma suka fi ido. In faɗi in suma? Wanda ya suma kifa shi ake a yi masa fifita. In hau da baya-baya, ina fuskantar jama'a, kamar mai fita daga gaban sarki? Manyan baƙi a bayan dandamalin suke zaune, saitin idonsu ke nan daidai.

Yesu, Maryamu, Yusufu. Su shahidai aƙalla da mutuncinsu suka tafi. Wa zai zana ni a bangon coci? Ta wace fuska?

Ranar da na dawo daga mishan da ruwan baftisma a ka, uwata Hasanatu ba ta yi faɗa ba, ta dai ware mini kwano, ta ware soso. A tsakar gida kowa na cin tuwonsa. Sai ga Muniru ya taso da cinyoyinsa kamar sandar rake, ya tsoma hannu a kwanona, ya ce a bar shi ya ɗanɗana ko miyar kafirai ta fi gishiri. Kawu ya zane shi. Washegari ya sake. Har yau in na je shagonsa sai ya ture mini kwano da ƙafa, ko ɗago kai ba ya yi daga keke. 'Yarsa Mounira ba ta daɗe da fara tafiya ba, ƙafar keken take kamawa ta miƙe…

Ga shi nan tafe. Sakataren jam'iyya, baƙin tabarau, takalmi na ƙyalli. Ba ɗan unguwa ba ne, ba ya dariya. Yana nuna agogo, yana kiran kamarad farfesa, wai jama'a na jira. Na ce masa ina shan inuwa ne. Wace inuwa, rana tsaka? Inna na ce masa ya ɗanɗana ƙosai, kyauta ne, ranka ya daɗe. Bai kalle ta ba. Ya kama ni a gwiwar hannu, a hankali, da ladabi ma, ya ɗan jawo ni daga jikin kwanon — taku ɗaya — ya leƙa.

Ganguna na yi.

Ya cire tabarau. Ashe ƙananan idanu gare shi, kamar na mai jin barci.

"Wa ya ɗinka maka?"

A hankali ya faɗa. Ba tsawa. Ban taɓa rubuta cewa a hankali suke tambaya ba.

Ce masa Aflao, tsallaken iyaka, wani tela ɗan Gana, ban riƙe sunansa ba. Ƙarya ce ƙarama, akwai ma malaman da suka — a'a, ya sani. Tela nawa ne a lungun nan? Ga mutum can da magwaji a wuya yana ɗago mana hannu. Ya sani sarai, daga bakina yake so ya ji. Su ma alƙalan Rum sun san komai, hannunka kawai suke so su ga ya miƙa. In na faɗa, kuskuren jahilin tela ne, farfesa ya tafi gida ya canza wando, Litinin ya shiga aji ya buga tebur. A tafi da Muniru. A tambaye shi wa da wa ya yi wa ɗinki, shi kuwa ba ya iya ƙarya ko a wasa…

Sunan na bakina. Ba nauyi, wallahi ba nauyi, harafi nawa ne? Ashe haka turaren yake. Fada, ashe haka yake, kuma ba warin zaki, warin ƙosai ne da ya ƙone.

Inna ta turo ɗan bencinta da ƙafa, ya taɓa mini bayan gwiwa. Don in huta ne, ko ta san abin da take yi? In na zauna yanzu a kan fuskar Mai Ƙasa, a gaban sakataren, yana kallo, bayan na sani… ba sauran maganar tela. Ni ne. Ni na ce a sa shi nan, ga shaida.

Tun ɗazu nake tsaye. Yana jira. Muniru na ta washe baki, jaki, daina ɗago mini hannu…

Gwiwata na lanƙwashewa. Ni na lanƙwasa ta? Jarumta ce, ko gajiya? Ban sani ba, wallahi ban sani ba — su ma waɗancan, na gaban zakunan, ko dai tsayuwar ce ta ishe su…

Ni dai in zauna.