Kwalba ta Sha Ɗaya

Wata takwas ke nan ana kwashe ƙasa a filin tsohon kamfanin batir, ana zuƙo ruwan da ke ƙarƙashi ana tacewa. Auta ce mai ɗibar ruwan gwaji. Kowa aikinsa kawai yake yi, ita kuwa kullum hankalinta a tashe, don gidan yayarta na bayan katangar filin, kuma rijiyar tsakar gida suke sha, yayar da 'ya'yanta uku. Tambaya ɗaya ta hana Auta sakat: gubar dalma ta tsallake katangar nan ko kuwa?

Rijiyoyin gwaji goma aka haƙa a jikin katangar, amma da kwalba goma sha ɗaya ake fita. Ta ƙarshen cike take da tataccen ruwa tun daga ɗakin awo. Ba a buɗe ta, yawo kawai take yi a akwati ta dawo. In aka ga datti a cikinta, to kayan aiki ne suka gurɓata.

Ranar Laraba da hantsi mai awo ya kira ta. Goman nan duk tas! Ko hamdala ba ta gama ba ya turo mata wata takardar.

"Ta sha ɗayan fa? Dalma ninki bakwai na abin da aka yarda a sha. Ke, me kika zuba a ciki?"

"Ni? Wallahi ko murfinta ban taɓa ba."

"To aljanu ne ke nan. Oga ya ce kuskure ne, a zubar a sake wata mai zuwa."

Wata mai zuwa! Auta ta figi takardar ta fita. Ta tarar da direbansu, wani dattijo mai shegen tausayi, yana wanke mota.

"Baba, ranar ɗiba wa ya taɓa akwatin nan?"

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya bushe.

"Baba, don Allah."

"'Yata, ramin bakin get ne. Akwatin ya kife, murfin guda ya kwance, ta tsiyaye ƙaf. Na ce yarinyar nan za a yi wa faɗa. Ai ke kika ce ruwa mai kyau ne a ciki, shi ne na cika ta da mai kyau."

"Daga ina?"

"Da kika shiga gaida yayarki na roƙi ruwan sha, aka jawo mini guga. Garai-garai, ga sanyi. Kofi biyu na sha."

Rijiyar gidan ta fi rijiyoyin gwajinsu zurfi nesa ba kusa ba. Wata takwas suna gadin sama, abin ya bi ta ƙasa ya wuce.

Ta kira yayarta a waya, ba a ɗauka ba. Ta zagaya katangar da gudu, takalmin aiki na mata nauyi, ta banke ƙofar gidan. Yaya na zaune bakin rijiya, ƙaramin a cinyarta, ta kafa masa kofi a baki. Auta ta doke kofin ya yi gefe, yaron ya tsandara ihu.

"Ke, kin haukace ne?" Sai ta ga takardar, ta ga fuskar ƙanwarta. Muryarta ta yi ƙasa. "Auta, faɗa mini."

Auta ta nuna mata rijiyar.

Yaya ta ƙanƙame yaron, ta juya tana kallon manyan biyun da suka leƙo daga ɗaki.

"Tun suna ciki shi suke sha," ta ce.