Daftarin Da Aka Rubuta a Shagon Aboki

Yana zaune a kan bencin shagon gyaran waya yana karkaɗe ƙurar takalminsa, sai ga wani daftari ya shigo wayarsa.

A wasan majalisa da suke yi ta intanet, inda direbobi da ɗalibai da 'yan tireda ke zama sanatocin wata ƙirƙirarriyar ƙasa, shi ne Magatakarda. Kowane ƙudurin doka sai an liƙa shi a allon zaure, shi kuma ya duba, ya nuna inda aka karya ƙa'ida, ya mayar a gyara. An san shi da sauƙin hali. Ko shirme mutum ya rubuto, sai ya samo abin yabawa kafin ya soke.

Wannan daftarin kuwa ya karanta, ya sake karantawa, kunnuwansa suka ɗau zafi. Ƙudurin ya ce duk wanda aka sallama daga aikinsa na gaske, yake kuma fita kullum da safe yana yaudarar iyalinsa, bai cancanci riƙe muƙami a majalisa ba. Har da misali: "kamar mai kula da injin buga littattafai."

Tun da kamfanin ɗab'i ya sallame shi, mutum ɗaya ya faɗa wa. Mutumin kuwa ga shi can bayan kanta, ya duƙufa a kan wata waya da aka farke, hayaƙin dalma yana tashi gaban fuskarsa. Tare suka taso, shi ma yana cikin wasan. Shi ne ma ya ce, "Zo ka riƙa zama a nan har Allah ya kawo wani."

"Mai gyara," in ji Magatakarda, "jam'iyyarku ta turo daftari."

"To."

"Wa ya rubuta?"

Abokin bai ɗago ba. "Kwamiti."

"Kwamitin ne ya san injin da nake aiki a kai?"

Sai a lokacin ya ajiye ƙarfen dalmar, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba mutumina, wasa ne fa! Siyasa ce. Kai ma ka takura mana, duk abin da muka kawo sai ka ce ya saɓa ƙa'ida. Sun ce in ka sauka ni za a ba kujerar. Ai ban kama suna ba."

"Ƙanin matata yana cikin zauren nan. Ka sani."

"Wannan ba ya karanta daftari, ƙuri'a kawai yake dannawa."

Wata mata ta leƙo tana tambayar ko an gama tata. Mai gyara ya tashi da fara'a, "Hajiya, saura kaɗan," kamar ba abin da ya faru. Magatakarda ya dubi bayan wannan rigar da ya sani, ya tuna yadda ya yi kuka a shagon nan ranar da aka ba shi takardar sallama, wannan hannun yana dafe da kafaɗarsa.

Yana da ikon goge daftarin. Amma in ya goge, kowa zai ce gaskiya ce ta yi masa ɗaci. Ya gyara zama, ya rubuta a ƙarƙashinsa inda kowa zai gani:

"An mayar. Ƙa'idar wasa ta hana shigo da rayuwar ɗan majalisa ta waje. A cire sashe na biyu da misalinsa. Sannan 'yaudara' zargi ne, ba kalmar doka ba. Wanda ake nufi ni ne, kuma gaskiya ne an sallame ni. A nemi wani ya duba gyaran."

Wayar mai gyara ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya karanta, fuskarsa ta sauya.

"Me ya sa za ka tona kanka? Da ka yi shiru ka sauka, shi ke nan!"

Magatakarda ya miƙe. Ya fita cikin rana, ya tsaya a bakin titi motoci na wucewa, ya kira matarsa.

"Kina gida? Ina zuwa yanzu. In ƙaninki ya kira, kada ki ɗauka sai na iso."



"Ya riga ya kira," ta ce. "Ka taho dai."