Ɓangaren da Ke Kallon Shanya

Shekara talatin da takwas Tokuji Nagasawa ya yi yana busa usur a tashar jirgin ƙasa, in ya ɗaga hannu jirgi sukutum ya tsaya. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya tarar ko kyanwar maƙwabta ba ta tsaya masa. Haushin haka ne ya kai shi wurin masu sayar da dashe a bayan garin Asahikawa, ya sayo ɗan itacen onko a baƙar roba, kuɗinsa yen ɗari takwas, irin wanda ake jerawa a yi shinge. Ya ce bonsai zai mayar da shi, wato bishiya mai tsawon kamu ɗaya a cikin kasko, wadda in ka kalle ta za ka rantse ta shekara ɗari uku a kan dutse.

Matarsa Sumie ta leƙa robar ta ce, "Baban Chizuru, ai irinsa goma sha biyu ne a shingenmu."

"Waɗancan itace ne. Wannan fasaha ce."

Abin da yake nema ɗaya ne. Duk kaka ƙungiyar masu bonsai ta unguwa kan baje kolin itatuwanta, kuma Malam Kuwabara, tsohon da ya koyar da su duka, shi ke zaɓar guda ɗaya a ɗora a dandamalin da ke kan gaba, ya rubuta sunan mai ita a kati da hannunsa. Tokuji yana son ganin sunansa a katin nan har cikin ransa.

Farkon abin da ake yi wa bonsai shi ne a zaɓar masa fuska, ɓangaren da zai kalli jama'a. Bayansa bango yake kallo, ba mai leƙa shi. Tokuji ya kwana uku yana zagaya kaskon, sannan ya soka tsinken cin abinci a ƙasar, ya ce nan ne gaba. Daga ranar ya faɗa wa ɓangaren nan da aiki ba sassauci. Reshe na farko hagu, na biyu dama, tsakaninsu ya auna da rula. Ya naɗe su da wayar jan ƙarfe, ya lanƙwasa wanda ya ƙi jin magana. Ya ɓare ɓawon wani reshe don ya yi kamar tsawa ce ta busar da shi, ya shafe shi da ruwan farar wuta, gidan ya kwana biyu yana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Bishiya mai daraja kuwa sai wuri mafi rana a tsakar gida, wanda ya zamana nan Sumie ke shanya. Aka matsar da shanyar baya. Gaban bishiya na kallon baranda inda maigida ke shan shayi, bayanta na kallon zannuwan gado. Shi onko, in ka takura masa ta nan, ta can zai tofo, sai rassan baya suka yi ta miƙewa.

"Fasaharka fa tana kama min zane," in ji Sumie.

"Kada ki taɓa. Ba ki san kan abin ba."

Ta ce, "To." Shekara arba'in da ɗaya tana ce masa to, bai taɓa tsayawa ya duba abin da ke biyo baya ba.

A shekara ta bakwai ya ga aiki ya kai, ya gayyato Malam Kuwabara. Tsohon ya zo da hantsi, ya sha shayi, ya tsuguna gaban kaskon ya daɗe yana kallo. Tokuji na tsaye ƙam.

"Aikin jirgi ka yi, ko?"

"Haka ne, Malam." Har da ɗan murmushi.

"An gani. Kowane reshe ya iso a kan lokaci."

Tokuji bai gama tantance yabo ne ko akasinsa ba, tsohon ya sa hannu biyu ya juya kaskon. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. A bayan nan akwai wani ɓuli tsakanin ganye da ke nuna yadda gangar jikin ta karkace, ga wani karyayyen reshe da rana da ƙanƙara suka mayar ruwan toka, ba ko ɗigon farar wuta a jikinsa. Malam ya zare tsinken Tokuji, ya soka shi a wannan ɓangaren.

"Ga fuskar nan. Wa ya yi wannan aiki?"

Tokuji bai taɓa kallon wurin da kyau ba sai yau. Ya ce, "Iska ce, Malam. Da ƙanƙara."

"Ashe iskar garin nan ta fara riƙe almakashi."

Sumie, da ta zo ɗauke kofuna, ta ce, "Na kifi ne, Malam. Reshen da ya kama min zane kawai nake cirewa. Wancan busasshen kuma sandar shanya ce ta faɗa masa, bana shekara huɗu."

Tsohon da bai taɓa ce wa kowa a ƙungiya sannu da aiki ba ya miƙe da ƙyar, ya rusuna mata har gwiwarsa na ƙara. Ya ce bishiyar nan za a ɗora a dandamali bana. Sannan ya tambayi sunan wa zai rubuta.

"Ku sa nasa, Malam," in ji Sumie. "Ai shi ya sha warin."

Haka aka yi. Kwana uku Tokuji na tsaye gefen dandamali cikin baƙar kwat, sunansa ɓaro-ɓaro a kati, aikinsa na shekara bakwai na kallon bango. Mutane na zuwa suna rusunawa, suna tambayar da wane irin ƙarfe ya fitar da busasshen reshen nan, yana cewa sirrin sana'a ne. Bai taɓa jin kunya irin ta kwanakin nan ba, kuma ba wanda zai kai wa kuka, tunda abin da ya roƙa ne aka ba shi.

Da aka dawo da bishiyar gida ya ajiye ta a mazauninta, sabuwar fuskar na kallon baranda kamar yadda Malam ya ce. Sai da ya zauna da shayinsa ya tuna inda nasa ɓangaren yake kallo yanzu: wurin shanya. Sumie ta fito da kwandon wanki a kwiɓi, kan almakashin kifi na leƙowa daga aljihun rigarta. Ta tsaya ta ƙare wa rassan nan masu waya kallo.

"Kada ka damu, Baban Chizuru," ta ce, tana kakkaɓe zane. "Wannan ɓangaren ma zai gyaru."