Ranar da Shelley Ta Tafi da Makulli

Ni Doreen, duk wanda ke zaune a benenmu na gwamnati a garin Grimsby na Ingila ya san bakina ba ya hutawa. Amma akwai wata safiya da yawu ya ƙafe mini ƙaf.

Shelley ce ke zaune a saman ɗakina, ita da 'yarta Paige mai shekara shida. Uban yarinyar ya ce zai je garin Hull sayen tayar mota tun tana jaririya, har yau bai samo tayar ba. Tun daga nan tallafin gwamnati ke riƙe da su. Kada ku ce Shelley raguwa ce, tsoro ne ya yi mata katutu. Ita ma tana ƙarama ma'aikatan kula da yara suka raba ta da uwarta, saboda an tarar da ita ita kaɗai a gida. Shi ya sa ko shago za ta, hannun Paige na cikin nata, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa bari yarinyar ta kwana a wajena ba.

To, sai ofishin neman aiki suka matsa mata lamba. Suka ce yarinya ta shiga makaranta, ko ta kama aiki ko a rage tallafi. Aka samo mata gwaji a wani kamfanin kifi, ranar Asabar da sassafe. Ta sauko wajena da shayinta a hannu. Ni maƙwabciya ce kawai, amma Nana suke kirana, wato kaka.

"Nana, in na je wa zai zauna da ita?"

"Ni mutuwa na yi?"

"Gwiwarki fa?"

"Da gwiwa ake reno? Ke dai je ki yanka kifinki. In za ki wuce ki jefo mini makulli ta kafar wasiƙa ta jikin ƙofata, in hau kafin ta farka."

"In wani ya kai ƙara fa? Kin san Maureen ta ƙasa, ko tari mutum ya yi sai ta ɗaga waya."

"Maureen ba ta tashi sai rana ta take. Sha shayinki, 'yar nan."

Ranar Asabar tun gari bai gama wayewa ba na shirya, ina zaune ina sauraro. Na ji Shelley ta rufe ƙofa. Na ji takunta da gudu a matakala, ta wuce ƙofata, ba abin da ya faɗo. Kafin in lallaɓa in kai taga har bas ta ɗauke ta. Hannu ne ya yi abin da ya saba: ta murɗa makulli ta jefa a aljihu.

Na buga mata waya, tana ta ƙara ba a ɗauka ba, har ta daina shiga. A kamfanin kifi ba a shiga da waya, a akwati ake kulle ta sai an tashi.

Na ja ƙafa na hau. Na ƙwanƙwasa. Shiru. Na ƙara da ƙarfi. Na durƙusa na ɗaga murfin kafar wasiƙa.

"Paige! Nana ce, 'yar lele. Paige!"

Ko motsi. Ta kafar ina hango ƙofar ɗakin barcinta a buɗe, bargo a ƙasa, gado ba kowa. Na tuna murhun gas, na tuna kwamin wanka, na tuna tagar kicin da ba ta rufuwa da kyau, ga mu a hawa na huɗu. In na kira 'yan kwana-kwana su ɓalla ƙofa, kafin azahar labari ya kai wa ma'aikatan kula da yara, an tarar da 'yar shekara shida a kulle ita kaɗai. In ban kira ba kuma, wa ya san abin da ke bayan ƙofar nan? Na fito da waya na danna lamba, na goge, na sake dannawa.

Ina nan durƙushe sai abin ya faɗo mini a rai. A benenmu ba mai ƙwanƙwasa wa ɗan'uwa ƙofa. Masu karɓar bashi ke ƙwanƙwasawa, da ma'aikatan hukuma masu rataye kati a wuya. Duk uwa tana koya wa ɗanta, in ka ji bugun ƙofa ka shige bayan kujera ka yi tsit, ko da an kira sunanka, ko da an ce kakarka ce. Mu in muna neman juna, bututun ɗumama ɗaki muke bugawa da cokali.

Na sauka, ban ma san na yi sauri haka ba. Na ɗauki cokali na buga bututu. Na tsaya ina sauraro. Can sai na ji ƙas, ƙas daga sama. Na zauna a ƙasa na yi kukana.

Na gasa burodi na shafa man shanu, na ɗauki matashi na koma bakin ƙofarsu. Idanu biyu suka leƙo ta kafar.

"Nana, me ya sa kika buga ƙofa? Na zata su ne."

"Tsufa ne, 'yar lele. Ungo, ci. Kada ki je kicin, kin ji? Zauna nan inda nake ganin ƙafarki."

"Mam fa?"

"Ta je koya wa kifi hankali."

Haka muka wuni, ina tura burodi yanki-yanki, ina ba ta labarin duk mazan da suka nemi aurena, na gaskiya da na ƙarya. Wajen hantsi na ji taku a matakala. Sai ga wata mata da jaka, kati na lilo a wuyanta. Na saki murfin kafar a hankali.

"Lafiya, baiwar Allah? Faɗuwa kika yi?"

"Hutawa nake. Gwiwa."

Ta dubi matashin, ta dubi farantin burodi, ta dubi ƙofar. "Akwai wani a ciki ne? In kira a buɗe miki?"

"Ba kowa. Masu gidan sun fita."

Ta tsaya tana kasa kunne. Ni kuwa ina roƙon Allah kada yarinyar nan ta yi ko atishawa. Ba ta yi ba. Matar ta ce, "To, ki kula da kanki," ta haura sama. Ashe nas ce mai wanke wa tsoho Hebden na sama ciwon ƙafa. Da ta sauko ma sai da ta sake kallon ƙofar, ni dai na sunkuyar da kai.

Bayan azahar Shelley ta hawo benen da gudu, tana ƙarnin kifi, makulli a hannu. A bas ta lalubo shi a aljihu. Ni na karɓa na buɗe. Ta rungume Paige har yarinyar ta ce, "Mam, kina wari."

"Sun ce in dawo Litinin," in ji Shelley, ba ta ko kalle ni ba. "Ba zan koma ba, Nana. Saura ƙiris a ɗauke mini ita. Ni da hannuna."

"In ba ki koma ba su rage tallafi, ki ba ta me? Iska?"

"Gara yunwa."

"Ba ki san yunwa ba. Tashi mu je kasuwa a yanko mini makulli. Kuma daga gobe a wajena za ta riƙa kwana, ko ki so ko ki ƙi."

Amma ranar Lahadi da yamma ta sauko da bargon Paige da kayan makarantarta, ta tsaya a ƙofa tana ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Litinin da safe ina taga. Shelley na tsaye a tasha, fuskarta a sama tana kallon benenmu. Bas ta zo, ta buɗe ƙofa, ta jira, ta tafi ta bar ta. Na ce shi ke nan, yanzu za ta juyo. Ta daɗe a tsaye, hannu a aljihu. Da wata bas ɗin ta zo, ta shiga.