Rabin Hoto

Da Nanjala ta buɗe ido ta ce shayi take so, Naliaka ba ta san lokacin da ta zube a simintin asibitin ba. Ta riƙe ƙarfen gado tana dariya tana hawaye, har matar gadon kusa ta miƙo mata gefen zani. 'Yarta da aka kawo yawu na dalala, numfashi na fita da ƙyar, ita ce yanzu take ƙorafin sukari ya yi kaɗan.

Likitar ta jira ta miƙe, sannan ta ja ta gefe.

"Maman Nanjala, ta tsallake. Amma maganin feshi ne ya riƙa shigarta ta fata, kaɗan-kaɗan. Ku nemo ta inda yake shigowa gidanku. In ya sake samunta, ban yi miki alkawarin komai ba."

Simiyu, mijin Naliaka, feshi yake yi a wata gonar furanni da ke bakin tafkin Naivasha. A gaban likitar ya rantse bai taɓa kawo ko murfin kwalba gida ba, kuma Naliaka ta san gaskiya ya faɗa. Sai murnarta ta gauraye da tsoro. Ruwa ba ya tsami banza, amma ta ina?

* * *

Ta juye ɗakin nan kaf. Ta zubar da garin masara, ta sake jarkar ruwan sha, ta hana Nanjala wasa a kwata. Duk da haka in yarinyar ta yi tari ɗaya sai gabanta ya faɗi.

Ran Lahadi ƙaninta Makokha ya zo daga Nairobi da burodi da sukari, da waya mai faɗin faranti. Shi ne abin alfaharin gidansu. A kamfanin da yake aiki ake haɗa darussan da ma'aikatan gonaki ke koyo ta waya, kuma darasin kiyaye kai daga maganin feshi da hannunsa ya yi shi. Babu wadda Naliaka ba ta gaya wa ba a layin famfo.

"Injiniya, sai yau?" in ji Simiyu. "Ai da ka bari sai ranar bikin auren Nanjala."

"Mijin Yaya, ba ka bar sharri ba? Wannan wayar taka kuwa, tun zamanin Annabi Nuhu take?"

"Ta fi taka amfani. Taka ko aljihu ba ta shiga."

Naliaka na tsugune bakin ƙofa tana wanki, tana jin daɗin faɗan nasu. Ta tsamo koriyar rigar feshin Simiyu daga baho ta matse, ta sa hannu cikin ruwan ta tsamo 'yar rigar barcin Nanjala. Sai ta ji dariyar Makokha ta yanke.

"Yaya, tare kike wanke su?"

"To da? Ba kai ka ce ba?"

"Ni? Yaushe?"

Ta goge hannu da zani, ta karɓi wayar mijinta, 'yar ƙarama mai tsagaggen gilashi, ta buɗe darasin. Ga hoton nan: mace tana murmushi, rigar feshi da kayan jariri a baho ɗaya. A ƙasa akwai rubutun Turanci ƙanana kamar tururuwa, rabinsa ya shige gefen waya.

"Da can daban nake wankewa saboda warin," ta ce. "Da na ga wannan na ce ashe ɓarnar ruwa nake yi, ga jarka da tsada. Na ce ƙanena ne ya yi, ba zai cuce ni ba."

Makokha ya sa yatsa ya ja hoton gefe. Hoton bai motsa ba. Ya sake ja. Sai ya ciro tasa wayar ya kwantar da ita, ya buɗe wuri ɗaya, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Ashe hotuna biyu ne a jere. Na hagu shi ne nata, amma a kusurwarsa akwai jar alama mai cewa kada a yi. Na dama kuwa mace ce da safar hannu, baho daban, nesa da yara. A wayar Simiyu, jar alamar da hoton dama duka sun faɗa waje.

Naliaka ta dubi bahon, ta dubi hannuwanta. Abin mamaki, ba fushi ne ya fara zuwa mata ba, sauƙi ne. Abokin gaba ya bayyana. Ba aljani ba ne, ba hannun maƙiya ba ne, baho ne, kuma baho ana iya sake shi. Ta kinkime shi ta kai bayan gida ta tuttular, sannan fushin ya iso.

"Makokha, da ka gama haɗawa, a wayar wa ka duba?"

"A kwamfutar ofis, Yaya. Da tawa."

"Da taka. Mai feshi nawa ka sani da irin taka?"

Makokha ya juya wajen Simiyu. "Amma akwai jarrabawa a ƙarshe. Tambayar wankin tana ciki. Ta yaya ka ci?"

Simiyu ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Wa ya ce ni na yi? Wurin da ake dannawa a wuce gaba ma ba ya fitowa a wayoyinmu. Shugaban aiki ne ya tara sunayenmu ya danna mana a kwamfuta, kowa ya ci. Sai aka ce tunda an horar da mu, in wani abu ya samu mutum, alhakin na wuyansa."

* * *

Makokha bai koma a motar yamma ba. Ya zauna kan kujerar tsugunne da kwamfutarsa a cinya, wayar Simiyu a gefe, Naliaka tsaye a kansa kamar mai tsaron tukunya. Ya raba hotunan, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya yadda za su bi tsawon waya. Ya ƙara girman rubutu, ya sauko da wurin dannawa inda babban yatsa zai kai.

"Duba yanzu."

"Jar alamar ta yi ƙanƙanta. Gicciya ta a kan bahon gaba ɗaya. Kuma ka cire murmushin matar nan, wa ya taɓa wanke guba yana washe baki?"

Ya gyara. Ta fita da wayar tsakar rana, ta dawo ta ce ba a gani a haske. Ya sake gyarawa. Simiyu da ke ba Nanjala tuwon masara da ganye ya ce, "Yau Injiniya ya samu shugaba." Har Makokha sai da ya yi murmushi.

Da sati ya zagayo ya bugo waya. Kamfaninsu ya yarda, sabon darasin ya hau, kuma daga yanzu ba za a saki komai ba sai an gwada a ƙaramar waya. Amma gonar ta ce waɗanda suka riga suka ci ba sai sun sake buɗewa ba sai baɗi, kuma rigunan feshi kowa ya ci gaba da kai nasa gida.

Naliaka ta ajiye wayar. Nanjala na tsalle-tsalle a tsakar gida, kumatu sun fara dawowa, tana rera waƙar da ba ta da kai. A lungu ga sabon jan baho, an kife shi an ɗora masa dutse. Naliaka ta ja numfashi har ƙasan cikinta, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba.

Sannan ta ɗaga ido ta saman katangar kwano. A igiyar maƙwabciyarta, wadda ita da kanta ta nuna wa hoton a layin famfo, koriyar rigar feshi na ɗigar da ruwa a kan 'yan safunan jariri.