Kwalba Cikin Sabuwar Safa

Solange na cikin cusa kwalba a safa, maganar da ta ji a gidan burodi tana ta yi mata yawo a ka: wai harshen maƙwabcinta Anselme ya mutu, ba ya bambance giya da ruwan wanke-wanke. Ita kuwa ta tsufa a aikin koyarwa, ta san "wai" ba ta taɓa zama hujja ba. Mutanen nan ne fa suka ce hasken wata ne ke tsamama giya. Sai ta ɗauko kwalbar da shi kansa ya ba ta da sabuwar shekara, ta gonar bayan gidansa. In ya gane giyarsa, zance ya ƙare. Safunan mijinta marigayi ta riga ta rabar, don haka sabuwa ta sayo a kasuwa.

Lahadin bayan gama tsinkar inabi ce, 'yan unguwa sun hau tudu da kwanduna, an baje burodi da cuku da busasshen naman alade a kan zannuwa. Kamar kowace shekara, kowane gida ya zo da jar giyarsa a cikin safar ulu don a ɓoye takardar jikin kwalba, Anselme ya ɗanɗana ya faɗi inda ta fito. Ba a taɓa kayar da shi ba.

Yana zaune a kujerar da matarsa Ginette ta hawo masa da ita, rigarsa ta yi masa yawa, gyale naɗe a wuya duk da rana.

"Tsoho, yau sai na ga bayanka," in ji Firmin makaniki, ya miƙa masa kwalbarsa.

"Kai? Da giyarka mai warin man juye?"

Anselme ya karɓi kwalbar, ya jujjuya ta, babban yatsansa na shafar diddigen safar. Ya tsiyaya, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar a ciyawa.

"Ta ƙauyen Morgon ce. Ta surukinka. Har yanzu yana barinta ta daɗe a ganga kamar tsohuwa a coci."

Aka kwashe da dariya, Firmin ya zare safa, hakan ce. Ta biyu ya ce ta ƙauyen Fleurie ce, mai taushi, ba ta da ƙashi. Ta uku ta yankin Brouilly. Duk ya faɗa daidai. Mata suna taunar cuku suna gardama, wannan ta ce Fleurie ta fi ƙamshi, waccan ta ce giyar 'yan birni ce. Solange ta ji sanyi a ranta. Ashe dai ƙarya ce.

"Ga tawa, maƙwabci."

Ya karɓa. Yatsan ya nemi diddige, ya shafa, ya sake shafawa. Ya daɗe yana kallon safar kafin ya tsiyaya. Ya riƙe giyar a baki har surutu ya lafa, sannan ya haɗiye da ƙyar, shi da bai taɓa haɗiyewa a wurin ɗanɗani ba.

"Malama, daga ina kika samo ta?"

"Kai ka kafa dokar, ba a tambaya."

Ya dubi matarsa. Ginette ta sunkuyar da kai tana yankan burodin da ba wanda ya nema.

"Ba ta tudun nan ba ce," in ji shi a hankali. "Ta kanti ce. Wanda ya yi ta bai taɓa durƙusawa a gindin inabi ba."

"Kai, Malama! Da girmanki?" Firmin ya kai hannu zai zare safar. Solange ta riga shi, ta rungume kwalbar a ƙirji.

"Ya faɗa daidai, ta kanti ce. Sai ka tona ni har sunan kantin? Koma ga man juyenka."

Aka yi mata ba'a har yamma, ta daure. Da za a sauka, maza biyu suka tallabi Anselme. Ita ta sauko ita kaɗai, kwalbar a ƙasan kwando.

Kafin ganyen inabi ya gama zuba, ya kwanta. Ciwon maƙogwaro ne, Ginette ta daina ɓoyewa. Solange ta shiga duba shi wata safiya da romo a kwano, ko da yake ta san ba zai wuce ba. An sauko da gadonsa kusa da tagar da ke kallon gona. Muryarsa ta zama kamar ana jan takarda a ƙasa.

"Malama. Kwalbar nan. Da gaske ta kanti ce?"

"Ta kanti ce."

"To, madalla," ya lumshe ido. "Ashe harshen da saura."

Ya rasu a makon farko na Nuwamba, ana yayyafi. A maƙabarta Firmin ya yi ta kuka yana gaya wa kowa cewa har ranar ƙarshe harshen tsoho bai kuskure ko sau ɗaya ba, masu yaɗa ƙarya su ji kunya.

Bayan an watse, Solange ta tsaya taya Ginette wanke kofuna. Ginette ce ta yi magana, hannunta cikin ruwa.

"Matar Firmin da jan zare take ɗinke diddige. 'Yan Fleurie kuma ba su iya ɗinki ba, ƙulli suke yi. Anselme ya san ɗinkin kowane gida, da shi yake gane kwalba."

Solange ta ajiye kofin da take gogewa.

"Tun bikin Ista bai ji ɗanɗanon komai ba," in ji Ginette. "Ko gishiri."

Da Solange ta koma gida, kwalbar na nan a kan teburin kicin inda ta bar ta tun ranar tudu, ba ta sake taɓa ta ba. Ta zare safar. Takardar ta ɗan jiƙe a gefe, amma rubutun na nan. Ta gonar bayan gidan Anselme ce, shi ya rubuta shekarar da hannunsa.